Fita gari da ziyarar abokai a Yamai ga wanda ba ya gani: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan su ne waɗanda aka fi yi mana, mu da muka daɗe muna yawo a Yamai da sanda. Wasu daga bakin wanda makanta ta sama da girmansa suke fitowa, wasu daga iyaye ko miji ko mata, wasu daga abokan da ke son karɓar baƙo makaho amma suna tsoron kuskure. Ni da na tattara su mutumin Tawa ne, aiki ya kawo ni Yamai, a nan kuma hawan jinin ido ya tafi da ganina ina ɗan shekara talatin da ƴan kai. Na yi kusan shekara biyu ban wuce dakalin ƙofar gidanmu ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda abokai suka riƙa raguwa, tun suna zuwa kowane mako har ya koma sai da salla. Ban ga laifinsu ba. Zumunci a ƙafa yake, tawa ƙafar kuwa ta daina zuwa ko'ina.

1. Da gaske makaho zai iya fita shi kaɗai a gari irin Yamai?

Zai iya, kuma da yawa suna yi kullum: ɗalibai, masu saƙar kujeru, malamai, ma'aikata, mata masu zuwa cefane. Fita kai kaɗai ba ta hana ka neman taimako. Mai ido ma yana tambayar hanya. Abin nufi, kai ne za ka ce yau zan je wuri kaza, ƙarfe kaza zan dawo, ba sai wani ya gama aikinsa ya zo ya ja ka ba.

Ba zan ɓoye ba, garin bai yi mana tanadi ba. Gefen titi na masu ƙafa, inda ma akwai shi, ƴan tireda da masu gyaran babur sun cinye. Amma Yamai gari ne da mutane ke zama a waje: mai shayi, mai tebur, ƴan fada a gindin bishiya. Da wuya ka yi taku hamsin ba ka ji muryar da za ka tambaya ba.

2. Wace irin sanda ta dace, kuma yaya ake riƙe ta?

Sandar icce ta gargajiya don dogarawa aka yi ta, tana da nauyi kuma gajera ce. Farar sanda doguwa ce marar nauyi, aikinta laluben ƙasa kafin ƙafa ta isa. Tsawonta ya kai daga ƙasa zuwa ƙashin ƙirjinka. Farin launin don masu ido ne, direba ya hango ya gane. A Paris aka fara yaɗa ta a 1931, kuma 15 ga Oktoba ce ranarta a kowace shekara. Mai naɗewa tana da daɗin shiga taksi, sai dai robar cikinta ba ta jure zafin nan namu, ka ajiye ta biyu a gida.

Hannu a tsakiyar jiki daidai cibiya, wuyan hannu kaɗai ke motsi, kan sanda yana taɓa dama yana taɓa hagu, faɗin da ya ɗan zarce kafaɗu. Idan ƙafar dama ta yi gaba, sanda tana hagu, tana duba wurin da ƙafar hagu za ta sauka. A kan kwalta ana iya jan ta a ƙasa, amma a lungunan yashi sai an riƙa ɗagawa ana bugawa, in ba haka ba ta nutse ta soke ka a ciki. Wannan a hannu ake koyonsa. Duba tambaya ta 18.

3. Ta ina zan fara sanin unguwata?

Daga ƙofar gida zuwa wuri ɗaya tak da kake buƙata kullum, masallaci ko shagon kusa. Ka bi hanyar da wani sau uku ko huɗu yana gaya maka abin da ke akwai, sandarka kuma tana ƙasa. Daga nan ya koma bayanka ya yi shiru. Sai ranar da ka je ka dawo bai ce uffan ba, sannan ka ƙara wata hanya.

Ƙirgen taku yana da amfani a farko, amma gaisuwa ɗaya kan ɓata lissafi. Ka fi riƙe alamomin da ba sa tashi: turken wuta, kwanar katanga, inda yashi ya ƙare ƙasa ta yi tauri, gangaren da ke nuna an kusa kwalbati. Akwai kuma masu zuwa da lokaci, ƙarar injin niƙa, ƙanshin ƙosai da safe, hayaƙin mai nama da yamma, karatun ƴan makarantar allo. Waɗannan suna tabbatar maka kana kan hanya, amma ranar da mai ƙosai ba ta fito ba kada ka ce ka ɓata. Bango ma yana da murya. Idan kana tafiya kusa da shi ƙarar sandarka tana dawowa kunne, da ka iso bakin lungu sai ka ji wurin ya buɗe, iska ta taɓa kumatu. Sai da na yi watanni kafin kunnena ya kama wannan, yau kuwa da shi nake ƙirga lunguna.

4. Me ya fi cutar da mu a hanya?

Magudanar ruwa marar murfi, wadda muke kira kanibo. Murfin siminti yakan karye, ko a ɗauke shi don yasa ba a mayar ba, hanyar da ka bi lafiya jiya yau ta zama rami. Na taɓa faɗawa ɗaya har gwiwa a hanyar da na shekara ina bi, don ranar na saki jiki ina magana a waya, sanda tana rataye. Tun daga nan ko a ƙofar gidanmu sanda tana ƙasa.

Sai abin da ke sama da ƙugu, wanda sanda ba ta taɓawa: bakin kwanon rumfa, tagar ƙarfe da aka buɗe waje, bayan babbar mota, reshen bedi. Hula mai baki da tabarau suna kare goshi. Akwai kuma babur da ya biyo hannun da ba nasa ba, da amalanken jaki da kurar ƴan garuwa da ba su da ƙara, da tarin tsakuwar masu gini, da turakun tanti idan an tare titi don biki.

5. Yaya zan tsallaka babban titi?

A Nijar mota hannun dama take bi, saboda haka wadda za ta fara iso ka daga hagu take zuwa, bayan ka wuce tsakiya kuma daga dama. A ƙaramin titi ka saurara har ka ji shiru ta ɓangarori biyu, ka miƙa sanda yadda za a gan ta, ka wuce kai tsaye, ba gudu ba ja da baya. A mahaɗar da ke da wutar ba da hannu, motocin da ke gefenka masu fuskantar inda ka fuskanta su ne alamarka: in suka tashi tare, lokacinka ne, amma ka kasa kunne ga mai karya kwana.

Shataletale da gadojin sama irin na Mali Bero da Diori Hamani, da wajajen Katako da Babbar Kasuwa da Wadata, ba na ba kowa shawarar ya gwada su shi kaɗai, domin motsi ba ya yankewa balle kunne ya sami gurbi. Ka tsaya ka ce, "Salamu alaikum, don Allah wa zai tsallakar da ni?" Ban taɓa daɗewa ina jira ba. Wanda ya zo, kai za ka kama hannunsa (tambaya ta 9), kuma kafin ya tafi ya gaya maka inda ya ajiye ka da inda kake fuskanta.

6. Taksi fa? Ba na ganin sa, yaya zan tsayar da shi?

Taksin Yamai na haɗaka ne. Direba ya rage gudu ya yi ham, ka faɗi inda za ka, in hanyarsa ce ya tsaya, in ba ita ba ce ya girgiza kai ya wuce, kai kuwa ba ka gani ba. Shi ya sa tsayuwa kusa da mai tebur ta fi. Ka gaya masa unguwar, shi zai tare maka. Kafin ka shiga ku daidaita kurs, wato kuɗin zango, ɗaya ne ko biyu, ka kuma ce a fili, "Ba na gani, ka gaya mini in mun iso, ka sauke ni daidai bakin farmasi." Direbobi sun fi sanin farmasi da gidan mai da masallaci fiye da sunan titi. Ka dafa rufin motar kafin ka sunkuya.

In za ka ƙetare gulbin Neja zuwa Harobanda, ka tambayi gadar da zai bi, domin inda za ka sauka ya danganta da ita. Gadar Kennedy ta 1970 ita ce tsohuwa kuma matsattsiya, ta fi cunkoso safe da yamma. Akwai ta biyu da aka buɗe a 2011, da ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché. Faba-faba, ƙaramar bas ta haya, ta fi araha amma tana cika, na fi son ta a hanyar da na haddace. Wanda ya sami direba mai amana ya riƙe lambarsa, don ranar asibiti ko dawowar dare.

7. Yaya zan bambance kuɗi?

Takardun sefa iri biyar ne, ta dala ɗari (dala sefa biyar ce), jika (sefa dubu), jika biyu, jika biyar da jika goma, kuma tsawonsu yana ƙaruwa da darajarsu. In biyu suna hannunka za ka iya gwada su, amma ɗaya tilo da ta tsufa ta yi laushi tana da wuyar ganewa. A rarrabe tun a gida tare da wanda ka yarda da shi: jika a miƙe, jika biyu a ninke, jika biyar a ninke ta tsawo, jika goma a aljihu daban. Ƙarafan dala arba'in da hamsin da ɗari ƙarfe biyu ne a haɗe, yatsa yana jin zoben. Dala biyar da dala ashirin sun yi kusa a faɗi, su ne ke rikita sabon shiga. Idan ka ba da babbar takarda ka faɗa da baki, "Ga jika biyar," ka ce a ƙirga maka canji a tafin hannu da murya.

8. Wayar hannu tana taimakawa?

Ƙwarai. Android tana da TalkBack, iPhone kuma VoiceOver, duka suna karanta abin da ke kan allo da murya, kuma a cikin wayar suke, ba saye ake yi ba. Ana shafa yatsa a ji sunan abu, a buga sau biyu a buɗe. Makonnin farko akwai ɓacin rai, daga nan hannu ya saba. Muryar Faransanci tana karanta Hausa a karkace, shi ya sa saƙon murya na WhatsApp ya zama babbar hanyarmu. Akwai manhajar Be My Eyes da ke haɗa ka da mai ido ta kyamara, ko da yake kiran bidiyo zuwa ga ƙanenka ma yana yin aikin. Taswirar waya tana kai ka unguwa, amma ba ta san kanibo ba. Kada ka toshe kunnuwa biyu a titi, ka cika caji kafin fita, ka haddace lamba biyu a ka.

9. Yaya ake yi wa makaho jagora? Laifi ne yaro ya riƙa ja na?

Mun gaji a kama kan sanda a ja makaho a baya. Matsalar, sandar ta bar ƙasa, mai ja kuma yana gabanka da taku biyu, in ya kauce wa rami kai sai ka faɗa. Abin da ya fi, ka kama hannunsa sama da gwiwar hannu kaɗan, kana bayansa da rabin taku, sandarka a ɗaya hannun. Jikinsa zai gaya maka ya hau ko ya sauka ko ya juya. A matsatsi ya mai da hannun baya, ka koma bayansa sak. A bakin matakala ya ɗan tsaya ya ce "hawa" ko "sauka". Ba a tura makaho a gaba, ba a kuma fizgar sa ba sallama.

Maganar yaro ɗan jagora tana yi mini nauyi a zuciya. Yaron da ya yini yana jan babansa ko kakarsa ba ya aji, shekara goma nan gaba gidan ya sami mutum biyu da ba su da abin yi. Ɗiyata ta raka ni wurare da yawa, amma bayan an tashi daga lakwal ko ranar hutu. Saboda ita na dage na koyi sanda.

10. Ina son ziyartar aboki a gidan da ban sani ba. Wane kwatance zan nema?

Kwatancen masu ido cike yake da launi: "gida mai koriyar ƙofa kusa da farin bene." Ka ce ya yi maka na ƙafa. Inda taksi zai sauke ka, hannun da za ka bi in motar ta wuce, lungu na nawa, ƙofa ta nawa, ta ƙarfe ce ko zaure, akwai matakala, akwai kare. Ya turo da saƙon murya don ka saurara a hanya. Ka tambayi sunan da aka san maigidan da shi a unguwa, domin yaran lungu ba su san sunan takarda ba, "gidan Baban wance" suka sani. Inda Zabarmanci ya fi yawa, gaisuwar "fofo" tana buɗe baki, Hausa kuma kusan ko'ina akwai mai ji.

Zuwan farko ya tare ka a bakin titi, amma kada ya ɗauke ka a babur. Ku taka tare yana faɗa maka alamomi irin na tambaya ta 3. Zuwa na biyu ka ce ya jira ka a gida. Ranar da na fara buga ƙofar wani abokina a Yantala ba wanda ya kawo ni, ya buɗe ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya rungume ni yana cewa, "Ashe kai ne, ashe ka dawo." Shekara uku ke nan shi ke zuwa wurina.

11. Na iso. Yaya zan shiga in zauna ba tare da rikicewa ba?

Sallama daga ƙofa kamar kowa, ka jira izini. Matan gida suna da haƙƙin a sanar da su baƙo namiji zai shigo, yana gani ko ba ya gani. Takalmi ka ajiye da kanka a wurin da za ka gane, jikin bango dama da ƙofa misali. Ka ce a ɗora hannunka a kan kujera ko a gaya maka inda tabarma ta fara, sauran kai za ka yi. Sanda ta zauna ƙarƙashin ƙafarka. In yaro ya karɓa don ya ajiye, ba ka da ikon tashi sai an ba ka. Da ka zauna ka tambaya, "Su wa ke nan?" Ba rashin kunya ba ne. Ta yiwu surukin abokinka yana zaune shiru a gefe, ka yi ta hira ba ka gaishe shi ba.

12. Ina jin kunyar cin abinci a gaban mutane.

Kunyar nan ta hana makafi da yawa ziyara, ni ma ta hana ni. Abin da ya sanyaya mini zuciya aya ta 61 ce a Suratun Nur, wadda ta ɗauke ƙunci daga makaho da gurgu da marar lafiya, ta kuma ambaci ci a gidajen dangi har da na aboki. Cin faranti ɗaya da hannu ma ya fi mana cokali sauƙi: ka taɓa bakin farantin ka san gabanka, ka ci daga nan. Ka tambayi mene ne, dambu ne da zogale ko shinkafa da miya, kuma ina yaji yake. Maigida ya turo nama gabanka ya faɗa. Kifin gulbi yana da ƙaya, ka ɗauki lokacinka.

Shayi ne ke buƙatar hankali. Ka san inda murhun gawayi yake kafin ka miƙe ƙafa. Mai zubawa ya ce "ga shayi", ya taɓa bayan hannunka da gindin kofin, ka kama ta baki inda ba zafi, kada ya saki sai ka ce ka riƙe. Kwanon fura ko kofin ruwa ka ajiye jikin gwiwarka, wuri ɗaya kullum. In ya zube, a goge a ci gaba da hira.

13. Bayan gida da alwala fa?

Wannan da ƙaramar murya ake tambayarsa, kuma saboda shi wasu ke ƙin shan ruwa yini guda a gidan mutane, a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Tun da wuri ka ce wa abokinka, "Nuna mini bayan gida in san shi." Ya kai ka ƙofa ya faɗa: masai ne ko na zama, ramin yana taku nawa daga ƙofa, akwai murfi, ina buta, yaya ake kullewa. Kan sanda zai tabbatar maka da bakin ramin, in ka fito ka wanke shi. Sau ɗaya ake wannan bayani, zuwa na gaba da kanka za ka tashi. Alƙibla a Yamai gabas take, ta ɗan karkata arewa. A shimfiɗa maka darduma a nuna maka gindinta, gefenta zai daidaita ka.

14. Ni ne mai masauki. Me zan yi wa baƙona?

Ka yi magana, shi ne kusan duka. Faɗi sunanka in ka shigo, kada ka ce "canki ko wane ne", wasan nan yana gajiyar da mu. Faɗi in za ka fita, kada ya ci gaba da magana ba kowa a wurin. "Can" da "nan" da nuni da baki ba sa isa gare shi, ka ce dama, hagu, gabanka taku biyu. Ƙofa ta kasance a buɗe sarai ko a rufe, rabi-rabi ita ke fasa goshi. A janye bokiti da turmi da igiyar shanya daga hanya. Ba sai ka ɗaga murya ba, ba kuma sai ka guji cewa "sai mun ga juna" ba, mu ma haka muke faɗa. Kalmar "makaho" ba zagi ba ce, da ita muke kiran kanmu, amma a koya wa yara su ce Kawu ko Baba ko Inna, kada su mai da ita suna.

Kuma ka bar shi ya yi abin da baƙo ke yi. In ya zo da tsaraba ka karɓa, in ya ce shi zai sayi sukari da ganyen shayi ka bar shi. Abokin da kullum shi ake yi wa, ba ya yi wa kowa, a hankali yake janye jiki.

15. Ana miƙa mini sadaka alhali ba bara nake ba. Me zan ce?

Yana faruwa, kana jiran taksi a cusa maka dala ashirin a hannu. Mutane sun saba ganin makaho da bara, kuma da yawa cikin ƴan'uwanmu ba su sami wata ƙofa ba sai ita, ba na zagin su. Wanda ya ba ka alheri ya nufa, ka mayar cikin mutunci: "Na gode, Allah ya saka, ba bara nake ba, amma in za ka taimaka tare mini taksin Lazare." In mai shago ya tambayi ɗan rakiyarka, "Me yake so?", kai ka amsa, shi ya yi shiru, ku shirya haka tun a gida.

16. Ni mace ce. Akwai abin da ya bambanta?

Abin da ƴan'uwanmu mata suka faɗa mini nake isarwa. Cikas na farko a gida yake, iyaye ko miji suna tsoro. Ki fara da gidan maƙwabciya da barkar haihuwa a lungunku, su gani da idonsu kin je kin dawo. Hijabi mai kauri yana rage amon bango, marar nauyi ya fi, kuma a kan babur ki tattare shi. In ba ki son kama hannun namiji ki ce, "Don Allah akwai wata ƴar'uwa kusa?" A taksi ki kira gida ki faɗi inda kike, direba yana ji. A gidan biki ki fara tambayar inda aka ɗora tukwane kafin ki ratsa tsakar gida.

17. Damina ta shigo. In daina fita, har da masallaci?

Damina, daga Yuni zuwa Satumba, tana ɓata taswirar da ke kanka. Ruwa yana cinye gefen hanya, ya buɗe rami, kududdufi ya kwanta inda kake bi, ƙararsa a kan kwano kuma ta rufe kunne. Bayan babban ruwa ka bi kowace hanya kamar yau ka fara bin ta. In za ka unguwannin bakin gulbi irin Lamorde da Karaje da Kirkisoye da Saga, waɗanda ambaliyar 2020 ta yi wa ɓarna, ka kira ka ji halin hanya tukuna. Hunturu ma yana da nasa: iska tana ɗauke sauti, rawanin da ya rufe kunne kuma ya ƙara.

Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, kuma ladanin Annabi (SAW) ne a Madina. Ya zo a hadisi cewa wani makaho ya nemi rangwamen yin salla a gida, aka tambaye shi ko yana jin kira, ya ce e, aka ce ya amsa. Itbanu ɗan Malik kuwa, wanda ganinsa ya yi rauni kuma kwari ke cika da ruwa tsakaninsa da masallacin mutanensa, Annabi (SAW) ya je gidansa ya yi salla a wurin da zai riƙa yin tasa. Hukunci na malamai ne. Ni dai kullum ina zuwa, ranar da lungu ya zama gulbi kuma ina yi a ɗaki.

18. Ina ake koyon sanda da rubutun makafi?

A Yamai akwai ƙungiyar makafi ta ƙasa, UNAN, da tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu, FNPH, da makarantar yara makafi ta Soli Abdurahaman. Rubutun Braille ɗigo shida ne da ke ba da alamomi 63, babba ma yana iya koyo, ko don ya sa alama a kwalbar magani. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, akwai kuma dokar ƙasa ta Disamba 2019, saboda haka abin da kake nema a ofis haƙƙi ne, ka tambaye shi da cikakkiyar murya. Amma mafi yawan abin da na rubuta a nan daga wani makaho da ya riga ni na koya, wanda ya riƙa zuwa gidanmu har na yarda na fita. Ka nemi irinsa.

19. Zan iya tafiya har Tawa ni kaɗai?

Kimanin kilomita 550 ne, ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, kusan yini guda a mota. Ka gaya wa mai tikiti da yaron mota ba ka gani, ka nemi kujera kusa da ƙofa. Jakarka ka ɗaura mata ƙyallen da hannu zai gane. Katin ɗan ƙasa ya zauna a aljihun gaba, domin akwai shingayen da ake dubawa, wani lokaci har a sauka. Ku gaisa da maƙwabcin kujerarka tun a tasha, ka roƙe shi in an tsaya salla ku sauka tare ku dawo tare, domin motoci sukan tsaya jere, kunne kuma ba ya bambance su.

A Tawa kabu-kabu da adaidaita sun fi taksi yawa. A babur ka naɗe sanda, ka tambayi ɓangaren salansa kafin ka ɗaga ƙafa, ka dafa kafaɗar mai tuƙi. Ƙasar Adar tana da duwatsu, kan sanda yana saurin cinyewa, ka tafi da na canji. Lahadi ranar kasuwa ce, gari yana cika da dabbobi da amalanke, in kana da zaɓi ka isa wata rana. Ni in na sauka yayata takan aiko ɗanta tasha. A bakin masallacin unguwarmu nake ce masa ya yi gaba da jaka, ni kuma in bi hanyar da na taso ina bi zuwa ƙofar gida, ina gaisawa da masu zama a dakali ɗaya bayan ɗaya.